Saƙon da Na Kunna a Lokacin Shiru

Na kunna saƙon muryar yayata a tsakiyar ofis, kowa ya ji, kuma matar da nake so in aura tana zaune a wurin. Abin da ya faru ke nan. Ba maƙiya ba ne, ba tsautsayi ba ne. Yatsana ne.

Masu karatu, na ga abin da kuka rubuta a ƙarƙashin kashin da ya wuce. Wata ta ce in daina jan rai, in buɗe baki in gaya wa matar nan. Wani ya ce mai furfura ba ya soyayya, aikawa yake yi a nemo masa. To ga shi ta ji, amma ba daga bakina ba, kuma ba yadda kuke so ba. Wanda yau ya fara shigowa, bari in gaya masa ko ni wane ne, kada ya ɓata a hanya.

Ni direban babbar mota ne da Allah ya ɗaga. Daga wankin mota na fara, na kama sitiyari, na sayi tawa, yau ina da kamfanin dakon kaya: motoci da gareji a ƙasa, ofis a saman bene. Matata ta daɗe da rasuwa, 'ya'yana mata suna ɗakunan mazajensu. Boko ban yi nisa ba. Ina karatu, amma kamar mota mai lodi a kan hawa. Shi ya sa harkata da waya duk ta saƙon murya ce. A aiko mini, in danna, in ajiye wayar a kan tebur tana ta magana, ni kuma in ci gaba da abin da ke gabana. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Ita kuwa, direbobi ne suka sa mata suna Uwar Hanya. Ita ce ke tsara wace mota za ta ɗauki wane kaya, ta bi ta ina, ta sauke a wane sito, ta kuma dawo da me don kada ta dawo wayam. Aikin a ka ake riƙe shi, kamar mai ɗauke da tiren ƙwai a cikin kasuwa. Ba yarinya ba ce. Mayafinta kullum mai duhu, ruwan toka ko ruwan ƙasa, tabarau rataye a wuya da siririyar sarƙa, ƙaramin agogo a hannun dama. Ba ta sa turare mai hawa kai. Idan tana tunani takan ɗora gindin biro a leɓenta na ƙasa. Kada ku tambaye ni yadda na san wannan.

A da tana da ɗan ɗakinta a ƙarshen baranda, ƙofa ɗaya, taga ɗaya. Ni ma ina da nawa. Kowa da raminsa. Sai ɗan yayata ya gama karatu ya dawo, na ba shi riƙon ofis. Ɗan Boko nake ce masa. Mutumin kirki ne, sai dai duk abin da ya gani a waya so yake ya gan shi a ƙasa.

"Kawu, wannan ofis naka kamar gidan haya," in ji shi. "Kowa ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Duniya ta bar wannan. A fasa bangayen nan, kowa ya ga kowa, magana ta riƙa gudu."

Na ce, "Idan an fasa, zan ga mai barci?"

"Har mai hamma za ka gani."

Da wannan ya saye ni. Kuma tunda na yi muku alkawarin ba zan ɓoye komai ba, ga sauran: na lissafa a raina cewa idan babu bango, ba sai na ƙirƙiro dalilin zuwa ƙarshen baranda ba. In ɗaga kai kawai in gan ta.

Aka fasa. Aka shafe fenti fari, aka jera tebura layi-layi, aka ajiye tukunyar fulawar roba a kusurwa. Ranar farko na tsaya a tsakiya ina kallo kamar wanda ya sayi sabuwar gona.

Kafin a je ko'ina wurin ya koma tasha. Kowace waya da irin kukanta. Firinta tana tari. Akawu ba ya iya lissafi sai yana faɗar lambobin a fili. Ga mai nemo mana kwastomomi, wanda ake ce wa Rediyo don ba shi da makunnin kashewa. Idan ba ya waya da kwastoma, yana ba da labarin ƙwallo, idan ba ƙwallo ba, rigimar maƙwabtansa. Direbobi kuwa, da a da sai sun ƙwanƙwasa ƙofa, yanzu daga kan matakala suke kwaɗa kira: "Uwar Hanya! Ina na nufa?" Sannan ga ni. Muryata ta mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana magana a kan ƙarar inji ce. Ni a ganina hira nake yi. Sai daga baya aka gaya mini har mai gadi yana jin abin da nake cewa daga bakin get.

Rannan Uwar Hanya ta tura mota sito da ba shi ba. Direban ya yi yini guda a hanya a banza. Tunda take aiki da ni ba ta taɓa yin haka ba. Ban yi mata faɗa ba, ita ce ta tare ni a kan matakala, tabarau a hannu.

"Yallaɓai, ba zan iya aiki a wurin nan ba."

"Ke da kika yi shekaru a saman gareji? Ana buga ƙarfe, ana tayar da inji, ban taɓa jin kin yi ƙorafi ba."

"Inji ba ya cewa komai," ta ce. "Guduma ba ta da labari. Amma idan Rediyo ya ce wa wani a waya, 'To sai matar ta ce masa me?' kunnena tafiya yake yi jiran amsa, ko ina so ko ba na so. Kafin in dawo da shi, motocin da na jera a kaina sun zube."

"To ki toshe kunne."

"Na toshe. Sai a zo a ƙwanƙwasa mini tebur. Wanda ya gan ka a zaune ya ɗauka ba ka komai."

Maganar ta shige ni, amma ni mutum ne mai taurin kai, ba na ɓoyewa. Na ce, "Bango dai ba zan mayar ba. Ba za a ce na rushe da safe na gina da yamma ba."

Ta dube ni, ta mayar da tabarau. "To ka ba ni safiya."

Abin da ta kawo shi ne lokacin shiru. Daga buɗe ofis har zuwa shayin hantsi, kowa ya kashe kukan wayarsa. Mai kira ya fita baranda. Direba ya jira a ƙasa, an riga an gaya masa hanyarsa tun jiya. Mai tambaya ya riƙe tambayarsa, ba za ta ruɓe ba. Ɗan Boko ya rubuta a kwali ya manna a ƙofa, yana ta murna kamar shi ya haifi dabarar.

Kuma abin ya yi. Akawu ya koyi lissafi da baki a rufe. Rediyo ya riƙa kumbura kamar tayar da aka cika wa iska, da an ce shayi sai ya fashe. Ita kuwa kafin hantsi ta gama tsara motocin gobe, fuskarta ta sake.

Kowa ya bi doka sai mutum ɗaya. Ni na ce doka ta ma'aikata ce. Mai gida ba ya neman izinin tari a gidansa. Saƙo ya shigo, in danna, in ajiye. Direba yana kukan taya ta fashe, mai sito yana zagin direba, 'yata tana cewa jikana ya fara haƙori, duk ofis yana sha tare da ni.

Wata safiya na tarar da ɗan farin kwali a kan teburina.

"Mene ne wannan?"

"Na kunne ne," in ji Uwar Hanya, ba ta ɗago ba. "Ka sa, ka ji saƙonka kai kaɗai."

Na zaro shi, igiya ce siririya mai kai biyu. "Ni zan rataya wannan a kunne kamar 'yan makaranta? Ni ba ni da abin ɓoyo."

Sai a lokacin ta ɗago. "Kai ba ka da shi, Yallaɓai. Masu aiko maka fa?"

Na yi dariya na jefa shi a durowa.

Bari in kai ku gidana, don ku gane ni ko da ba za ku yafe mini ba. Gidan babba ne, kuma ba kowa a ciki. Kujerun falo har yanzu da rigunan da marigayiya ta ɗinka musu. Da na shiga, kafin in cire takalmi, na kunna talabijin a falo, na kunna rediyo a ɗaki, na buɗe fanka ko ana sanyi. Ba kallo nake yi ba, ba saurare nake yi ba. Shirun ne ba na so. Idan gidan ya yi tsit nakan ji ƙarar firij, in ji agogon bango, in ji cewa babu mai cewa sannu da zuwa. Ni hayaniya bargo ce a wurina. Ban taɓa kawowa a raina cewa abin da nake lulluɓa da shi wani shaƙe shi yake yi ba.

A wannan falon Yaya ta ritsa ni. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, don haka har yau a wurinta ban yi wayo ba. Ta zo ranar hutu, ta yaye mayafi ta ninke a hannun kujera, ta shafa yatsa a kan tebur ta nuna mini ƙura.

"Dubi. Gidan mutum mai motoci. Kashe mini wannan akwatin, kaina zai tsage." Na kashe. "Har yaushe za ka zauna haka? Mutuwa ɗaya aka yi, kai ka mayar da ita biyu."

"Yaya, ina lafiya."

"Lafiyar me? Wa ke tuna maka maganin hawan jinin?"

Nan bakina ya zame. Na ce, "Akwai mai tuna mini."

Ta gyara zama. Wanda ya san Yaya ya san an gama. Kafin ta tashi ta tatse ni tas: yadda Uwar Hanya take ce mini lokacin magani ya yi ba tare da ta dube ni ba, yadda ta hana mai kawo shayi sa mini sukari, har gindin biron nan sai da na faɗa.

"Bar mini," in ji ta tana yafa mayafi.

"Kada ki yi komai, Yaya."

"Ni? Me zan yi? Tambaya kawai."

Ranar da abin ya faru, ana tsakiyar lokacin shiru. Ba ka jin komai sai ƙas-ƙas ɗin kwamfuta da juyin fanka. Uwar Hanya tana sanye da mayafi ruwan toka, biro a leɓe. Wayata ta haska, na ga hoton Yaya. Na danna, na ajiye a tebur kamar kullum. Daidai nan na ji wata mota a ƙasa tana ja da baya ba daidai ba, za ta kwashe ƙofar get. Na tafi tagar can ƙarshen ɗaki, na buɗe, na zura kai waje ina yi wa direban ihu. Kaina yana cikin ƙarar inji. Ban ji komai na bayana ba.

Abin da ofis ya ji, wanda ni sai daga baya na saurara daga farko, ga shi:

"Ƙanena, ka tashi lafiya? To na yi maka tambayar Uwar Hanyar taka. 'Yar mutunci ce, ba ta da abin faɗi. Aurenta na fari rashin haihuwa ne ya kashe shi, dangin mijin suka tasa ta a gaba har sai da ta fito. Kai kuwa me za ka yi da haihuwa yanzu, ga jikoki? Kuma ka daina ce mini ba ka san ranta ba. Macen da take tuna maka magani, ta san shayinka ba sukari, ai ta gama magana. Jira take yi. Ka yi sauri tun kafin..."

Da na jawo kaina ciki, abin da na gani shi ne Ɗan Boko ya tsallake kujera ya faɗa kan wayar kamar mai kashe gobara. Muryar uwarsa ta yanke.

Na sha jin shiru a rayuwata. Na ji na daji idan mota ta mutu, na ji na gidana. Ban taɓa jin irin wannan ba. Akawu ya kafe ido a kan takarda. Rediyo, Rediyo da kansa, bakinsa a buɗe babu sauti. Da a tsohuwar hayaniyarmu ce, wallahi rabin maganar da ta nutse ba wanda ya ji. Shirun da ta yi wahala ta gina, shi ya kai kowace kalma kunnen kowa.

Ita kuwa ta sauke biron. Ta cire tabarau, ta sake su suka faɗa kan sarƙarsu. Sannan ta mayar da su, ta ci gaba da aikinta. Ba ta tashi ba sai lokacin tashi.

Ni kuma, da yake ban iya gyara ba sai da guduma, na tsaya a tsakiyar ɗaki na ce, "Duk wanda na ji ya ɗaga maganar nan, ya kama gabansa!"

Ɗan Boko ya runtse ido. Yanzu na san dalili. Kafin in yi magana, zancen tsohuwa ne. Da na yi magana, na buga masa hatimi.

Na kira Yaya daga cikin mota, gilashi a rufe.

"Kin kashe ni."

Ta saurara har na gama. Na zaci za ta ce ta rage mini aiki. Sai ta ce, "Ni ƙanena na aika wa. Ban aika wa kasuwa ba." Sannan ta ce, "Wayyo baiwar Allah. Da wane ido zan dube ta?"

Daga ranar ofis ya samu shirun da ko a mafarki Ɗan Boko bai gani ba. Safe da yamma tsit. Amma wani irin shiru ne mai ido. Idan ta tashi za ta sha ruwa, kawuna su sunkuya. Idan na wuce ta gaban teburinta, hannaye su tsaya a kan kwamfuta. Direbobin da suka saba yi mata gardama, "Haba Uwar Hanya, kullum ni ne mai hanyar ramuka?" yanzu sai su rusuna su ce, "Yadda kika ce." Ita da take cin su da hujja, ta koma cin su da inuwata. Akawu yana son hutu, maimakon ya zo wurina sai ya je wurinta: "Ki ɗan sa mana baki." Wata yarinya mai buga takardu, da zuciya ɗaya, ta same ta a wajen wanke hannu ta ce tana da gwaggo da ta san maganin haihuwa, ko yanzu ba a makara ba.

Wannan Ɗan Boko ne ya gaya mini, yana kallon ƙasa.

Ina so in yi mata magana, amma a ina? Na rushe duk inda mutum zai ce wa mutum yi haƙuri ba a ji ba. A ƙarshe na sauka gareji, na ce wa bakanike ya tayar da babbar motar da yake gyara, ya bar ta tana ruri, ya je ya sha iska. Na aika aka kira ta. Muka tsaya a gefen injin, hayaƙi yana dukan mu. Ku duba abin mamaki: duk kamfanin nan, wurin da ya fi ko'ina ƙara shi kaɗai ya rage mana na sirri.

"Zan mayar miki da bangonki," na ce. "Gobe magini zai zo."

"Yanzu?" Ta girgiza kai. "Bangon da ka hana ma'aikaciyarka, shi za ka gina wa bazawararka? Ko makaho ya shafa ya san na mene ne."

"To ni zan fita. In bar muku saman."

"Wannan kai ka sani."

Na share gumi. Ni da nake yi wa direba talatin tsawa, da ƙyar na ce, "Abin da Yaya ta faɗa. Ta wajena, gaskiya ne."

"Na sani," ta ce. "Na daɗe da sani. Mutum ba ya zuwa ƙarshen baranda sau da yawa haka don tambayar mota ɗaya."

"To?"

"To da ka zo ka faɗa, da ni zan zaɓi amsata. Ni zan zaɓi ranar da zan gaya maka abin da ya kashe aurena. Nawa ne, Yallaɓai. Abu ɗaya ke nan da na riƙe ban ba kowa a wurin nan ba, kuma da hannuna na so in ba ka. Yanzu har mai gadi ya san shi, ni kuwa ban buɗe baki ba."



"Na ba ka abin kunne," ta ce. Ba da faɗa ba. Da ma faɗa ta yi.

Ta juya ta hau bene. Na tsaya har bakanike ya dawo ya tambaye ni ko ya kashe.

Na cika maganata. Akwai tsohuwar kwantena a bayan gareji inda muke ajiye tayoyi. Na sa aka kwashe, aka yanka taga, aka sa mini tebur da fanka. Da rana ciki kamar tanda, ga warin roba da baƙin mai. Direbobi suna wucewa suna satar kallo: mai kamfani a cikin akwatin ƙarfe. Ban damu ba. Na ce idan ni ne ƙarar, to ga shi na ɗauke ta.

Sai dai magana zarar bunu ce. Na fita daga ɗakin, abin da na kunna bai fita ba. Ɗan Boko ya ce mini har gara lokacin da nake nan, don yanzu cewa ake yi ta kori mai gida daga ofishinsa tun ba a ɗaura ba.

Ta gaya wa Ɗan Boko za ta bar aiki, ba ni ba. Ba ta yi fushi ta watsar ba, ba halinta ba ne. Ta zaunar da wanda zai gaje ta, ta koya masa wane direba ne ba a haɗa shi da wane sito, wace hanya ce ke cin taya, wane kwastoma ne ke cewa gobe yana nufin jibi. Ranar da za ta tafi direbobi suka so su jera motoci su yi mata ham na bankwana. Ta aiko a ce musu don Allah kada wanda ya taɓa. Ta sauko da jakarta da kofin shayinta, ta wuce ta gaban kwantena. Ta tsaya.

"Yallaɓai, lokacin magani ya yi."

Ta fita get.

Bayan kwanaki, na dawo gida da yamma, na kunna talabijin, na kunna rediyo, na zauna. Wayata ta haska. Ita ce. Saƙon murya, mai tsawo.

Yatsana ya tafi da kansa. Na kama shi.

Gidan ba kowa, kun sani. Ba mai ji sai kujeru. Duk da haka na tashi na kashe talabijin, na kashe rediyo, na kashe fanka. Na laluba aljihun rigata na ciro ɗan farin kwalin nan, don tun ranar da na koma kwantena yake tare da ni ban sake buɗewa ba. Na yi ta fama da igiyar, na sa na dama a hagu, na cire, na gyara. Sannan na danna.

Ban san haka murya take ba idan kai kaɗai aka yi wa ita. Har numfashinta na ji, har inda ta tsaya ta nemi kalma. Shekara da shekaru ina sauraron mutane a kan tebur, ina rabin ji ina rabin ihu. Ashe ban taɓa sauraron kowa ba.

Na yi muku alkawarin ba zan ɓoye komai ba. Yau na karya shi. Abin da ta ce a saƙon nan nata ne da nawa, ko Yaya ba ta ji ba, kuma ta tambaya har ta gaji. Kafin wani ya ce ai ga shi na sake kunna ta a kasuwa da wannan rubutu: na tambaye ta kafin in fara. Karo na farko ke nan da na tambaya kafin in danna. Ta ce, "Rubuta. Wataƙila wani mai taurin kai ya karanta."

Abin da zan iya gaya muku shi ne ba za ta dawo aiki ba. Ko me maganarmu ta zama nan gaba, wannan ya tafi. A saman bene har yanzu ana lokacin shiru, kwalin yana nan a ƙofa, kowa yana cin moriyarsa. Ni ina da kamfanina, ina da motocina, zafin kwantena kawai nake sha, kuma ko gobe na ga dama in hau sama.

Ita kuwa ta sami aiki a wani shagon kayan gyaran mota a can ɗaya gefen gari. Mota biyu take hawa kafin ta isa. Tana zaune a ɗakin baya tana shigar da lambobin kaya a kwamfuta, a ƙarƙashin wani da bai kai ƙaninta ba. Matar da take riƙe da hanyoyin motoci duka a kanta. A can ba wanda ya san an taɓa ce mata Uwar Hanya. Sabuwa suke ce mata.